Kawu da Hannun Cikin Aljihu

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Talata Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a ɗakinsa a Bodinga. Mu huɗu ne a wurin: matarsa da muke kira Inna, babban ɗansa, limamin unguwarmu, da ni. Liman ya shafe masa ido, Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, babban ɗansa ya fita ya sanar da maƙwabta. An yi masa wanka, an sallace shi bayan azahar, an kai shi makwancinsa. Na Allah muke gaba ɗaya, Kawu ya riga mu komawa ne kawai. Likkafaninsa ni na yanka, da almakashinsa.

Kwana uku muka yi zaman gaisuwa a ƙofar gida. Mutanen tsohon gwamna sun zo da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, suna zama a ƙarshen tabarma. Wani daga cikinsu ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi gahwarta mai. Mutumen kirki na, 'yan adawa ne sunka ruɗe shi." Mutanen gwamnati mai ci kuwa da mota biyu suka zo, aka sauke buhun shinkafa a inda kowa zai gani. Ana shafa addu'a babbansu ya ɗaga murya ya ce, "Wanga tsoho jarumi na! Lokacin da kowa yay yi shiru, shi yat tona asirin ɓarawo da allura da zare." Jama'a suka gyaɗa kai.

Inna tana jin su daga bayan zaure. Ta aika a kira ni.

"Ka ji su?" in ji ta. "Yana raye sun hana mai sakat, ya mutu sun zo suna ɗinka mai rigar da ba tashi ba. Kai ad da boko. Ka rubuta yadda anka yi."

Bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, ni tela ne. Amma a gefen keken Kawu na koyi sana'a, kuma abin da ake ta magana a kai a gabana ya faru. Duk maganganun nan biyu ba gaskiya ba ne. Zan faɗi yadda aka yi, bi da bi.

Kawu ya yi sama da shekara arba'in yana ɗinki a kasuwar Bodinga, rumfa ta uku a layin teloli. Safiyarsa ba ta canzawa. Da farko shara, sannan ya ɗiga wa keke mai, sannan ya kunna rediyo, sannan ya ɗauki almakashi. Idan ka zo da yadi kafin ya gama waɗannan, sai ka jira, ko kai wane ne. Labarai yana jin su duka, amma ba ya sa baki. Ranar zaɓe yakan je ya jefa ƙuri'arsa ya dawo, ko Inna ba ta san wanda ya zaɓa ba.

Yana da ba'a, amma fuskarsa ba ta nunawa. Wani alhaji mai sayar da hatsi ya taɓa dawo da riga yana faɗa, wai ta matse shi. Kawu ya sa tef ya auna rigar, ya auna cikin alhajin, ya ce, "Riga tana nan yadda nib bar ta, Alhaji. Kai kaƙ ƙaru." Layin teloli ya ɗauki dariya, shi kuwa ya koma kan kekensa.

Halinsa da ya kamata a sani kafin komai shi ne na ƙyalle. Duk abin da ya ragu daga yadin mutum, ko bai kai tafin hannu ba, Kawu ba ya zubarwa, ba ya kuma sa shi a ɗinkin wani. In zai shiga cikin aikin mai shi, ya shiga. In ba zai shiga ba, sai ya ninke shi ya tura a aljihun rigar. Wani manomi daga Lambara ya taɓa zaro irin wannan ƙyalle ya yar a ƙasa, ya ce, "Malam, mi zan yi da wanga?" Kawu ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe, ya miƙa masa. "Ka yi abin da kaka so da shi, amma can gidanka. In yak kwana nan, haƙƙi na bisa wuyana."

Yanzu ga abin da ya faru.

A wata shekara aka ce gwamnan wancan lokaci zai zo taro a Shagari. A lokacin rediyo ba ta da zance sai zargin da ake yi masa na cin dukiyar jama'a. 'Yan adawa suna cewa ya ci, mutanensa suna cewa sharri ne. Ni ban gani ba, ba ni da hujja, kuma ban taɓa jin Kawu ya ce ya ci ko bai ci ba.

Saura kwana biyar taron, shugaban matasan jam'iyyar gwamna na wajenmu ya zo rumfa da yadi a bayan babur. Yadi ne da aka buga hoton gwamna a jiki: fuskarsa a cikin da'ira, a gefe kuma hannunsa a ɗage, tafin a buɗe, yana gaida jama'a. Haka zanen yake maimaituwa har ƙarshen bandir. Jamfa arba'in ake so, ta matasan da za su tsaya a gaba.

Kawu ya dubi hoton ya ce, "Da mutum a ƙirji za ku yi salla?"

"Baba, rigar taro ta, ba ta masallaci ba."

Kawu ya auna yadin sau biyu. "Bai kai ba. An rage shi."

"Abin da anka ba ni ke nan."

"To ka kawo hwarin yadi na aljihu."

"Babu, Baba. Ka yi dabara, ai don haka niz zo wurinka. Abu ɗaya dai, huskar mai girma ta hito a ƙirji. Kada almakashi shi taɓa ta."

Ban san a hannun wa yadin ya ragu ba, don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da na sani shi ne yadda aka yanka. Da farko Kawu ya fitar da gaba, fuska a tsakiyar ƙirji kamar yadda aka ce. Sannan baya. Sannan hannuwan riga da wuya. Abin da ya ragu a kan tebur shi ne gefe-gefen da aka kewaye don a tsirar da fuska, kuma a nan ne hannun gwamna yake. Jamfa ba ta yiwuwa babu aljihu. Mai aiki bai kawo wani yadi ba, Kawu kuma ba zai taɓa na wani ba. Sai aka yi cikin aljihu da wannan ragowar, biyu a kowace riga. Rabinsu ni na ɗinka. Tela idan yana haɗa aljihu, bakin ɗinki yake kallo don kada ya ɓarke, ba ya kallon zane. Wallahi daga ni har shi babu wanda ya ga komai a ciki sai ƙyalle.

Ranar taron ina Shagari, na kai wa wani ɗinkinsa, na tsaya kallo. Matasan nan arba'in sun tsaya a rana tun hantsi har bayan la'asar. An yi musu alkawarin abinci da kuɗin mota, aka watse ba a ba su ba. Wani daga cikinsu, mutumin Kajiji, ya tsaya a gaban mai shayi inda jama'a suka taru, ransa a ɓace, ya zaro cikin aljihunsa na dama da na hagu ya bar su suna reto. "Ku diba!" in ji shi. "Ko sisi!"

Sai ga hannuwa biyu, tafi a buɗe.

Wani daga baya ya ce, "Yo ina za ka ga sisi, ga hannun mai girma ya riga ka shiga!" Wurin ya fashe. Sauran matasan kowa ya zaro nasa, kowane aljihu da hannu a ciki. Masu waya suka yi ta ɗauka. Kafin in iso Bodinga hoton ya riga ni isowa.

Na samu Kawu yana rufe rumfa, na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Akwai wanda yaɓ ɓarke?"

Na ce babu.

"To, ɗinki ya yi."

Kwana uku bayan haka shugaban matasan ya dawo, wannan karon da mutum huɗu. Bai zauna ba. Ya ce daga sama an fusata, kuma hanya ɗaya ce: Kawu ya je gidan rediyo ya ce 'yan adawa ne suka ba shi kuɗi ya yi haka, ya nemi gafara. Teloli duka sun daina taka keke suna saurare.

Kawu ya ce, "Ba wanda yab ba ni komi. Yadi ne bai kai ba, kuma na hwaɗa maka tun ranar."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta ja mana. A gaban mutane aka faɗe ta, kuma kowa ya san abin da za a tambaya bayanta: a hannun wa yadin ya ragu.

Abin da ya biyo baya, ga shi a jere. Na farko, cikin mako guda aka kawo takarda cewa rumfar Kawu ba a kan ƙa'ida take ba, bayan shekara arba'in. Aka ba wani tela daga Dingyadi, ɗan jam'iyyarsu. Na biyu, duk mai cin albashin gwamnati ya daina kawo masa ɗinki, wasu ma ta bayan layi suke bi don kada a ga sun gaishe shi. Na uku, babban ɗansa, malamin firamare, aka mayar da shi wani ƙauye can gaba da Kajiji, inda babur ba ya shiga idan damina ta zauna. Na huɗu, da aka zo rabon taki, aka tsallake gidan. Ban ce gwamna da kansa ya san da wani tela a Bodinga ba. Wataƙila bai taɓa jin labarinsa ba. Na ƙasa da shi sun ishe mu.

A amalanke muka kwaso keke da tebur zuwa zauren gida. Washegari Kawu ya tashi a lokacinsa, ya share zauren, ya ɗiga mai, ya kunna rediyo, ya ɗauki almakashi. Babu abin yankawa. Ya riƙe shi ɗan lokaci ya ajiye. Daga nan aikinsa ya koma faci da rage tsawon wando.

Shekaru suka wuce, mulki ya koma hannun 'yan adawar da. Rediyo ta sake cika da zancen tsohon gwamna: sababbi suna cewa bincike suke yi, tsofaffi suna cewa ramuwa ce. Mu a gida mun ɗauka sauƙi ya zo. Ba a daɗe ba sai ga wakilin sababbin a zaure, da babbar riga da fara'a, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ranka shi daɗe, wahalarka ta ƙare. Za mu yi taro. Ka hau ka ce da gangan kas sa hannun ga cikin aljihu, don talakawa su gane. Shi ke nan. Rumhwarka ta dawo, ga sabon keke, ɗanka kuma mu maido shi cikin gari."

"Wanda ke cikin rumhwar hwa?"

"Mu hidda shi mana. Ai nasu na."

"Ban yi da gangan ba."

Wakilin ya yi dariya. "Baba, kalma ɗaya ta."

"Waɗancan ma kalma ɗaya sunka nema."

"Amma ai mu naka muke!"

"In nawa kuke, ku ce yadi ne bai kai ba. Wannan in kuna so, in hau in hwaɗa."

Wannan ba ta da amfani a wurinsu. Wakilin ya tashi, bai durƙusa ba wajen fita.

A nan ne muka yi faɗa da Kawu, faɗa ɗaya tak a rayuwata da shi. Na ce masa ɗansa yana can yana kwana a aji, matarsa da 'ya'yansa suna nan. Na ce Inna ta fara sayar da kwanukanta. Na ce waɗanda suka cuce shi ba su cancanci ya kare su ba. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi ba.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ba kowa nika karewa ba. Kai kaɗ ɗinka rabi. Da gangan kay yi?"

Na ce a'a.

"To ga hanya. Kai ma tela na. Tahi ka hau ka ce da gangan kay yi."

Na kasa zuwa. Na fita, na yi kwana goma sha ɗaya ban zo gaishe shi ba. A rana ta goma sha biyu na shigo, ya miƙo mini allura ya ce in zura masa zare, idonsa ba ya gani sosai. Bai ƙara tayar da maganar ba. Kwanakin nan goma sha ɗaya suna damuna har yau. Abin da na faɗa game da ɗansa kuwa, shi ma gaskiya ne, kuma har yanzu yana can.

Sababbin ba su dawo da rumfa ba. Suka ce ashe dama tsohon nan na waɗancan ne, shi ya sa ya ƙi magana. Telan Dingyadi kuma duk da haka sai da aka fitar da shi, aka ba surukin wani, ya mayar da wurin shagon cajin waya. Kekensa ya kwana biyu a bakin layi an rufe shi da buhu, ba shi da inda zai kai. Kawu ya ji labari, ya ce in je in ce masa ya kawo zaure.

Inna ta fito har bakin ƙofa, abin da ba ta cika yi ba. "Malam, wanda yac ci rumhwarka?"

"Ba shi yac ci ba. An sa shi ciki, an hidda shi. Keke kuwa in ruwa yad doke shi, ya tashi aiki."

"Kai dai ba ka da zuciya."

"Ina da ita. Kawo muna ruwa."

Haka suka zauna su biyu a zaure ɗaya, keke yana kallon keke, aikin da ba ya isar mutum ɗaya suna rabawa. Telan Dingyadi ya fi wata guda bai iya haɗa ido da shi ba. Ranar jana'iza shi ya shiga kabari ya karɓi Kawu tare da babban ɗansa. A wurin gaisuwa yana zaune yana jin abin da ɓangarorin nan biyu suke faɗa, bai ce uffan ba. Ban ga laifinsa ba. Yana da iyali.

Wata biyu kafin rasuwarsa Kawu ya ce in ɗauke shi a babur mu bi ta kasuwa. Sau ɗaya ke nan ya nemi haka tun da aka fitar da shi. Muka tsaya nesa da layin teloli. Ya daɗe yana kallon rumfa ta uku, wayoyi a jere a kan tebur, janareta yana ƙara. Sai ya ce, "Sun toshe taga. Da wane haske za su yi yanka?" Ban tuna masa cewa babu mai yanka a ciki ba. Na tayar da babur muka koma.

Yanzu ga inda ake. Zaɓe yana matsowa. Tun kafin a yi sadakar bakwai na ji cewa mutanen gwamnati mai ci suna yawo a Shagari da Kajiji da Lambara suna neman jamfofin nan. Za su rataye su a wurin taro, aljihu a waje, da hoton Kawu a fasta a sama. Sun nemi hoton a wurina na hana, sun samu a wayar wani. Mutanen tsohon gwamna kuma suna shirin amsa cewa tsohon an saye shi ne, ya mutu da nadama. Idan mulki ya sake juyawa, na san gidan da za a fara tunawa da shi, kuma na san babban ɗansa ba zai ga cikin gari ba.

Ba na zaton wannan rubutu zai tsayar da komai. Masu jin lasifika sun fi masu karatu yawa, kuma labarinsu ya fi nawa daɗi. Shekaranjiya na ji jikarsa ta cikinsa tana gaya wa ƙawayenta a bakin rijiya cewa kakanta ne ya kunyata gwamna. Na kira ta na gyara mata. Ta ce to, amma na ga fuskarta. Mutumin da ya rasa rumfarsa sau biyu don kada ya faɗi kalma ɗaya ta ƙarya, ga shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an faɗe ta a madadinsa, har a cikin gidansa.

Saboda haka ina roƙon mai karatu abu biyu, kuma ba masu wuya ba ne. Na farko, ka yi masa addu'a: Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Na biyu, idan kana cikin mutum arba'in ɗin nan, ko ɗaya daga cikin jamfofin tana gidanku a ƙasan akwati, za su zo maka, kuma za su zo da fara'a. Kada ka ba su. Ka fito da ita ka sa, ka mayar da aljihun ciki, ka tafi gona da ita har ta yage a jikinka. Don sawa ya ɗinka ta.